Kutse a waya: Wane ne dokar Masar ke hukuntawa, wane ne kuma ta ƙyale?

A ranar 21 ga watan Satumban 2023, kamfanin Apple ya fitar da wani gyara na gaggawa ga manhajar da ke tafiyar da wayoyin iPhone, tare da shawartar jama'a da su sabunta wayoyinsu. Miliyoyin mutane suka bi shawarar, daga mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano har zuwa ma'aikacin banki a birnin Landan, kuma ƙalilan ne suka tsaya tambayar dalili. Dalilin kuwa yana cikin aljihun mutum guda ne a birnin Alƙahira.

Sunan mutumin Ahmed Tantawi, ɗan jarida kuma tsohon ɗan majalisar dokokin Masar, wanda a shekarar ya bayyana aniyarsa ta ƙalubalantar Shugaba Abdel Fattah al-Sisi a zaɓen shugaban ƙasa. Tun daga watan Mayu ya fara samun saƙonnin tes da na WhatsApp masu ɗauke da adireshin intanet, ana kwaɗaita masa ya latsa. Wasu sun zo da siffar gargaɗi daga kamfanin WhatsApp kansa, wasu kuma daga wata mai iƙirarin cewa tana aiki da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam. Da hankalinsa ya ƙi kwanciya, sai ya nemi cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da ke Kanada ta bincika masa wayar.

Abin da cibiyar ta gano, tare da ƙwararrun kamfanin Google, ya wuce saƙonnin yaudara. A watannin Agusta da Satumba masu farautar wayar sun daina jiran sai ya latsa wani abu. An girka wata na'ura a mahaɗar da bayanai ke bi tsakanin kamfanin Telecom Egypt, wanda gwamnati ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, da Vodafone Egypt, wanda Tantawi ke amfani da layinsa. Idan ya buɗe wasu shafukan da ba su da makullin tsaro, wato waɗanda adireshinsu ke farawa da http maimakon https, sai na'urar ta karkatar da wayarsa a asirce zuwa wani shafi da aka tanada domin dasa masa manhajar leƙen asiri mai suna Predator. Manhajar, idan ta samu zama, tana karanta saƙonni, tana kwashe hotuna, tana kuma iya kunna makirufo ta mayar da waya kunnen da ke sauraren mai ita.

Citizen Lab ta ce tana da ƙwarin gwiwa sosai cewa gwamnatin Masar ce ke bayan harin, bisa hujja biyu: an riga an san Masar tana cikin masu sayen Predator, kuma na'urar da ta yi aikin a cikin ƙasar take zaune. Masu binciken na ganin wannan yunƙuri bai yi nasara ba ne saboda Tantawi ya kunna wani tsari na tsaurara tsaro da Apple ke kira Lockdown Mode. Amma sun gano cewa tun a watan Nuwamban 2021 an taɓa samun nasarar dasa masa manhajar ta hanyar saƙon tes.

Ɓarakar da ta zama haja

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manhajar kowace waya an gina ta ne da miliyoyin layukan umarni da mutane suka rubuta, kuma inda duk hannun ɗan'adam ya taɓa ba a rasa kuskure. Akasarin kura-kuran ba su da illa. Kaɗan daga ciki kuwa suna buɗe kafar da baƙo zai iya bi ya ba wa wayar umarni tamkar shi ne mai ita. Mafi tsada a cikinsu ita ce ɓarakar da kamfanin da ya ƙera manhajar bai ma san da ita ba, domin babu maganin cutar da likita bai gano ba.

Waɗanda suka nufi wayar Tantawi irin wannan ɓaraka har uku suka jera. Ta farko tana cikin manhajar buɗe shafukan intanet ta Safari, ita ce ƙofar zaure. Ta biyu tana ba da damar tsallake tantancewar da waya ke yi wa duk wata baƙuwar manhaja, kamar a wuce mai gadi bai ɗaga kai ba. Ta uku kuma tana kai mutum har ƙuryar ɗaki, inda ikon wayar gaba ɗaya yake. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin ukun da ta keɓanta da wayar Tantawi. Suna nan a kowace iPhone ta wancan lokaci, ta minista da ta ɗan kasuwa, ta jami'in da ya ba da umarnin kutsen ma.

Irin wannan jeri kuɗi ne mai yawa. Wata takardar tayi ta kamfanin Intellexa, mai tallata Predator, wadda ta fito fili a 2022, ta nuna farashin yuro miliyan 8. Wanda ya kafa Intellexa shi ne Tal Dilian, tsohon jami'in leƙen asirin sojin Isra'ila, ita kuma manhajar wani kamfani ne mai suna Cytrox da ya faro daga Masedoniya ta Arewa ya ƙera ta. Saboda haka duk wanda ya gano ɓaraka hanya biyu ce a gabansa: ya kai wa mai manhaja a toshe, ko ya kai kasuwa a saya a ɓoye. A nan ne doka ke da ta cewa, domin ita ce za ta nuna masa wace hanya ce ta fi aminci.

Takardun da aka tsinta a Madinat Nasr

Masar ba ta fara wannan ciniki da Predator ba. A daren 27 zuwa wayewar garin 28 ga Janairun 2011, ana tsaka da zanga-zangar dandalin Tahrir, gwamnatin Hosni Mubarak ta umarci kamfanonin sadarwa su katse intanet, ƙasar ta kuma zauna cikin duhu har zuwa 2 ga Fabrairu. Ba a rasa madogara ba. Dokar sadarwa mai lamba 10 ta 2003 ta ba hukuma ikon karɓe ragamar kamfanonin a wasu yanayi, sashe na 64 kuma ya wajabta musu tanadar wa sojoji da hukumomin tsaro kayan aikin da suke buƙata, da kuɗin kamfanonin, ya kuma hana amfani da na'urorin sakaya saƙo sai da izini a rubuce. Dokar tana nan har yau.

Makonni uku bayan saukar Mubarak, a ranar 5 ga Maris, masu zanga-zanga suka kutsa hedikwatar hukumar tsaron ƙasa da ke unguwar Madinat Nasr, bayan sun ji cewa jami'ai na lalata takardu. Cikin tarin da aka tsira da shi akwai tayin wani kamfanin Birtaniya mai suna Gamma International, na sayar da manhajar FinFisher a kan kimanin yuro 287,000, wadda ke iya shiga akwatin imel da sauraren hira ta Skype. Kamfanin ya musanta cewa ya sayar wa gwamnatin Masar manhajar. Duk da haka wannan takarda ce ta fara nuna wa duniya ƙarara cewa akwai kamfanoni masu rajista, masu ofis da lauyoyi a Turai, waɗanda sana'arsu ita ce sayar wa gwamnatoci kayan kutse.

Daga nan labarin bai yanke ba. A watan Yulin 2015 wani mai kutse ya fasa rumbun kamfanin Hacking Team na birnin Milan a Italiya, ya watsa bayanai masu nauyin gigabait 400, sai ga Masar cikin jerin abokan ciniki. (Gwamnatin jihar Bayelsa ta Najeriya ma sunanta ya fito a takardun.) Akwai abin dariya mai ɗaci a nan: da kutsen da doka ta haramta ne aka tona asirin masu kutsen da doka ta ɗaure wa gindi.

Ba kullum ake buƙatar manhaja mai tsada ba. A watan Fabrairun 2017, Citizen Lab da ƙungiyar EIPR mai kare haƙƙoƙin ɗaiɗaikun mutane a Masar suka wallafa bincike kan saƙonnin yaudara 92 da aka aika wa ma'aikatan ƙungiyoyin farar hula, waɗanda akasarinsu ke fuskantar shari'ar nan mai lamba 173 kan karɓar kuɗi daga waje. Misali ɗaya ya isa. A ranar 7 ga Disamban 2016 aka kama lauya Azza Soliman a gidanta. Cikin 'yan sa'o'i abokan aikinta suka samu imel mai cewa ga kwafin sammacin kama ta, sai dai a shigar da kalmar sirri kafin a buɗe. Wanda ya rubuta saƙon ya san da kamun da wuri, ya kuma san waɗanda zuciyarsu za ta tsinke har su manta da taka-tsantsan. Masu binciken ba su ambaci wanda ya aika ba.

Sai kuma Ayman Nour, wanda ya tsaya takara da Mubarak a 2005, yake kuma gudun hijira a Turkiyya. A 2021 ya lura wayarsa na ɗaukar zafi fiye da kima. Da aka duba, sai aka tarar da manhajojin leƙen asiri biyu zaune a cikinta lokaci guda, Predator da Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, kowace tana yi wa wata gwamnati daban aiki.

Abin da doka ta ce

A rubuce, sirrin ɗan Masar yana da kariya mai ƙarfi. Sashe na 57 na kundin tsarin mulkin 2014 ya ce rayuwar mutum ta ƙashin kansa tana da alfarma, kuma ba a leƙa wasiƙunsa, na takarda ko na intanet, ko sauraren wayarsa, sai da umarnin shari'a mai ɗauke da dalili, na wani ƙayyadadden lokaci. Sashe na 99 ya ƙara da cewa keta wannan alfarma laifi ne da tsawon zamani ba ya shafe shi.

Dokar da ta yi bayanin kutse dalla-dalla ita ce mai lamba 175 ta 2018, ta yaƙi da laifukan fasahar bayanai, wadda Shugaba Sisi ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar. Buƙatarta ba abin musu ba ce. Tun a 2009 hukumar FBI ta Amurka da jami'an Masar suka tuhumi mutum 100, 47 daga cikinsu a Masar, kan satar bayanan asusun bankunan Amurka ta hanyar shafukan bogi. A ranar 21 ga Disamban 2010 kuma ƙasashen Larabawa suka rattaba hannu kan yarjejeniyar yaƙi da irin waɗannan laifuka a Alƙahira, makonni biyar kacal kafin dandalin Tahrir ya cika.

Sashe na 14 shi ne ginshiƙin maganar. Ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba da tarar fam 50,000 zuwa 100,000 na kuɗin Masar, ko ɗaya daga cikin biyun, ga duk wanda ya shiga wani shafi, ko asusu, ko tsarin kwamfuta da aka hana shiga. Har wanda ya faɗa ciki bisa kuskure, idan ya zauna ba tare da haƙƙi ba, sashen ya hau kansa. Idan shigar ta kai ga lalata bayanai, ko sauya su, ko kwafarsu, ɗaurin ya koma shekara biyu zuwa sama. Sashe na 15 ya shafi wanda aka ba izinin shiga amma ya zarce iyakar da aka gindaya masa, kamar ma'aikacin da ya leƙa fayil ɗin da ba nasa ba: wata shida zuwa sama. Sashe na 16 ya haramta tare bayanai a kan hanya ba tare da haƙƙi ba, wato irin aikin da aka yi wa layin Tantawi ke nan. Sashe na 22 kuma ya tanadi ɗaurin shekara biyu da tarar fam 300,000 zuwa 500,000 ga wanda ya mallaki manhajoji ko na'urorin kutse ba da izini ba, idan an tabbatar da cewa don aikata laifi ya tanade su.

Tarar ta rage kaifi. Lokacin da aka yi dokar dala ɗaya tana kusan fam 18, a 2025 kuwa, bayan karya darajar kuɗin da aka yi ta yi, ta kai kusan fam 50. Ɗaurin ne bai canza ba.

Amma dokar tana da fuska ta biyu. Sashe na 2 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan masu hulɗa da su na kwana 180, ya kuma umarce su da su ba hukumomin tsaron ƙasa duk damar fasaha da suka nema. Sashe na 7 ya ba da ikon toshe shafin da aka ga yana barazana ga tsaro ko tattalin arzikin ƙasa, wanda hakan ya zama halasta abin da aka riga aka fara, domin tun ranar 24 ga Mayun 2017 aka toshe shafin jaridar Mada Masr da na Aljazeera da wasu, kafin adadin ya haura 500 a ƙididdigar ƙungiyoyin kare 'yancin faɗin albarkacin baki. Kalmar da ta raba fuskokin biyu ita ce "haƙƙi". Ɗan ƙasa ba shi da haƙƙin shiga sai an ba shi. Hukuma kuwa ita ce ke bayarwa.

Mai nuna tsagar bango

Masar na da matasa masu kaifin basira a wannan fanni. A 2014 wani mai bincike mai suna Yasser Ali ya gano ɓaraka a tsarin kamfanin biyan kuɗi na PayPal wadda za ta iya ba ɓarawo damar ƙwace asusun mutum. Ya kai rahoto, aka toshe, kamfanin ya ba shi tukwicin dala 10,000. Irinsa suna da yawa a Alƙahira da Iskandariyya, suna samun abin rufin asiri daga shirye-shiryen tukwici na manyan kamfanonin Amurka. Waɗannan shirye-shirye izini ne a rubuce: kamfani ya ce ga inda za ka gwada, ga inda ba za ka taɓa ba.

Matsalar tana tasowa ne inda babu irin wannan gayyata. A ɗauka ɗalibin kwamfuta ya shiga shafin wata makaranta ko asibiti domin duba sakamakonsa, ya sauya lamba ɗaya a adireshin, sai ga sakamakon wani ya bayyana. Ya gwada sau biyu domin ya tabbatar. A wannan lokaci ya riga ya shiga inda ba a ba shi izini ba, kuma ya zauna. Sashe na 14 bai tambayi abin da ya kawo shi ba. Bai bambanta wanda ya zo sata da wanda ya zo ya ce wa mai gida bangonka ya tsage ba. Idan tsarin na gwamnati ne, sashe na 20 ya ɗaga ɗaurin zuwa shekara biyu a ƙalla. Mai hankali a irin wannan hali shiru zai yi, ɓarakar kuma ta ci gaba da jiran wanda bai damu da doka ba. A ganina wannan ita ce babbar asarar da dokar ke jawowa, kuma asara ce da ba ta bayyana a kundin kotu, domin babu mai ƙirga rahoton da tsoro ya hana a kai.

Ba Masar kaɗai ke da wannan giɓi ba. Dokar Birtaniya ta 1990 ba ta keɓe mai bincike da kyakkyawar niyya ba. A Jamus, cikin Janairun 2024, wata kotu ta ci wani mai tsara manhaja tarar yuro 3,000 bayan ya sanar da wani kamfani cewa kalmar sirrin da ya bari a fili tana buɗe bayanan mutum kusan 700,000. Sai dai wasu ƙasashen sun fara gyara. A watan Mayun 2022 ma'aikatar shari'ar Amurka ta umarci masu gabatar da ƙara su daina tuhumar wanda ya yi binciken tsaro da zuciya ɗaya. Beljiyam ta zarce haka a watan Fabrairun 2023, ta ba mai bincike kariyar doka ko da bai nemi izinin kamfani ba, da sharaɗin kada ya yi nufin cuta, kada ya wuce abin da tabbatar da ɓarakar ke buƙata, ya kuma kai rahoto ga cibiyar tsaron intanet ta ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba.

Sirrin wanda ba ɗan siyasa ba

Mai karatu zai iya cewa babu mai kashe yuro miliyan 8 a kansa, kuma gaskiya ne. Hanyar da sirrin talaka ke zubewa ta fi haka araha. A watan Afrilun 2021 aka baza bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 kyauta a wani dandalin masu kutse: suna, lambar waya, garin zama. An tatso su ne ta wata kafa a tsarin neman abokai da lambar waya, wadda kamfanin ya ce ya toshe tun 2019. Masar ce ta fi kowace ƙasa yawan waɗanda abin ya shafa, kusan miliyan 45. Najeriya tana da kimanin miliyan 9. Hukumar da ta ci kamfanin Meta tarar yuro miliyan 265 a kan lamarin, a watan Nuwamban 2022, ta ƙasar Ireland ce.

A lokacin Masar tana da tata dokar kare bayanan mutane, mai lamba 151 ta 2020, wadda ta aro abubuwa da dama daga ta Tarayyar Turai: neman yardar mutum kafin a tattara bayanansa, da sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan bayanai sun zube. Amma an shafe shekaru ba a fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita ba. Ta kuma cire bayanan da ke hannun hukumomin tsaron ƙasa daga huruminta, waɗanda ta lissafa da fadar shugaban ƙasa, da ma'aikatun tsaro da cikin gida, da hukumar leƙen asiri, da hukumar sa ido kan ayyukan gwamnati.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne sashe na 25 na dokar 2018. A jimla guda ya haɗa laifi biyu: keta sirrin mutum, da keta "ɗabi'un iyali" na al'ummar Masar, ba tare da fayyace mene ne waɗannan ɗabi'u ba. Rabin farko yana da amfani na zahiri a ƙasar da barazanar yaɗa hotunan 'yan mata ta kai wasu ga hallaka kansu. Rabi na biyu ne ya yi suna. A watan Yulin 2020 kotun tattalin arziki ta Alƙahira ta yanke wa wasu matasan mata masu dimbin mabiya a TikTok ɗaurin shekara biyu da tarar fam 300,000 kowace. Ƙungiyar Amnesty International ta ruwaito cewa cikin hujjojin da aka gabatar kan ɗaya daga cikinsu akwai hotunan da ta ce sun fita ne bayan an sace wayarta a 2019. Ko mutum yana ganin bidiyoyin sun dace ko ba su dace ba, sashen da aka rubuta domin kare wadda aka tona wa asiri shi ne aka juya aka hukunta ta da shi.

Daga Alƙahira zuwa Kano da Yamai

Dokar 175 tana hawa kan duk wanda ke cikin Masar, ɗan ƙasa ko baƙo. Wannan ya haɗa da ɗaliban Najeriya da Nijar da Ghana da ke karatu a Jami'ar Azhar, waɗanda da dama daga cikinsu ke zaune a Madinat Nasr ɗin nan, da 'yan kasuwa, da masu zuwa jinya. Da fasfo ake sayen layin waya, kuma bayanan layin suna cikin waɗanda ake adanawa na kwana 180. Buɗe asusun imel ko Facebook na aboki ba da saninsa ba, ko da wasa ne, yana da nasa hukuncin a sashe na 18. Wata doka ta daban, mai lamba 180 ta 2018, ta sanya duk asusun sada zumunta mai mabiya 5,000 zuwa sama ƙarƙashin sa idon majalisar ƙoli ta kafofin yaɗa labarai.

A gida ma zanen bai yi nisa da wannan ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar naira miliyan 5 kan shiga kwamfuta ba da izini ba, ko da yake sakin layin farko na sashe na 6 ya ambaci niyyar zamba, abin da na Masar bai yi ba. Ta kuma wajabta adana bayanan masu layi na shekara biyu, wato ninki huɗu na wa'adin Masar. Sashe na 24, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da shi, sai da kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki kafin a yi masa kwaskwarima a watan Fabrairun 2024. A Disamban 2020 kuma Citizen Lab ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da alamu suka nuna suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu bibiyar waya ta hanyar rauni a tsarin da kamfanonin sadarwa ke magana da juna. A Nijar, dokar 2019 ce aka tsare 'yar jarida Samira Sabou da ita a watan Yunin 2020 kan wani rubutu a Facebook. An cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, gwamnatin soja ta maido da shi a watan Yunin 2024.

Inda kowa ya ƙare

Kamfanonin da sunansu ya fito a shari'ar wayar Tantawi sun ɗanɗana kuɗarsu, amma a hannun Amurka. Masu binciken sun ce alamomin na'urar da ta karkatar da layinsa sun dace da ta kamfanin Sandvine na Kanada, wanda tun a 2018 aka gano kayansa a hanyoyin Telecom Egypt. A Fabrairun 2024 ma'aikatar kasuwancin Amurka ta sanya kamfanin a jerin waɗanda aka taƙaita sayar musu da fasaha, saboda cinikinsa da Masar, ta kuma cire shi a watan Oktoba bayan ya yi alƙawarin ficewa daga ƙasashe da dama. A watan Maris na shekarar baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba wa Tal Dilian takunkumi. A Girka, inda aka gano an nufi wayar madugun adawa Nikos Androulakis da Predator, shugaban hukumar leƙen asiri da wani babban hadimin firaminista sun ajiye aiki a watan Agustan 2022.

A Alƙahira, wanda ya tsaya gaban alƙali shi ne mai wayar. Tantawi bai iya tara sa hannun mutum 25,000 da doka ta buƙata domin tsayawa takara ba, yana zargin cewa an riƙa hana magoya bayansa yin rajista a ofisoshin gwamnati. Shugaba Sisi ya lashe zaɓen Disamban 2023 da kashi 89.6 cikin ɗari. A Fabrairun 2024 kotu ta yanke wa Tantawi ɗaurin shekara ɗaya kan rarraba takardun goyon baya da hukumar zaɓe ba ta amince da su ba, tare da hana shi takarar majalisa na shekara biyar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Mayu, aka wuce da shi kurkuku, bai fito ba sai ƙarshen Mayun 2025.

Gyaran da Apple ya fitar yana ɗauke da lamba 16.7 da 17.0.1. A sanarwar da ta zo da shi kamfanin ya yaba wa mutum biyu da suka kai masa rahoton ɓarakar, Bill Marczak na Citizen Lab da Maddie Stone ta Google, dukansu suna aiki ne daga wajen Masar. Sunan mai wayar bai fito a sanarwar ba.